Na Ce Musu Lafiya Lau

Zuwa ga Hajiya Kaka, amaryata mai goro a kumatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki, ya su Inna? Carbin da na ɓoye miki kafin in taho yana bayan randa, ki daina zargin aljanu.

Kaka, ke kika ja mini. Da na cika sha takwas, ofishin tallafin masu lalura suka kira ni kan sikilata. Da ina yaro, Umma suke tambaya ko ina iya wasa kamar sauran yara. Ga babba kuwa, abin da suke dubawa shi ne ko zai iya aiki. Matar da ke ofishin ta ce yaya jikin, na ce lafiya lau, Alhamdulillahi, yadda kika koya mini. Tafinta ya fassara, ta rubuta. Yanzu takarda ta zo, wai za su tsayar da tallafin.

Umma ta ɗaukaka ƙara. Kullum tana wurin aiki, ni kaɗai nake yini a ɗaki a nan Highbridge, unguwarmu a ƙasar Turawa, ba wanda zan tsokana.

Ki gaida Kawu Sale da Malam. Ranar Talata zan koma ofishin su sake yi mini tambayoyi. Ki roƙa mini Allah bakina ya iya cewa ƙasusuwana na ciwo, don ban taɓa faɗa wa baƙo ba.

Angonki,
Habu