Muciyata Kaɗai a Karofi

Daren Laraba, watan azumin tsofaffi, damina ta huɗu da Nasara suka ci Kano.

Yau aka naɗa mana sarkin karofi, ba a tambayi kowa ba. Bafaden dagaci ne ya kawo Ɗanlami, surukin ubangidansa, wanda ko farcensa bai taɓa shan shuni ba. Wai Nasara suna son mutum guda da zai riƙa fitar musu da 'yan aikin hanya.

Na ce ba haka muka gada ba. In babba ya rasu, kowane mai rini muciyarsa ta juya shuni yake ajiyewa gaban wanda yake so, mai tari mafi yawa shi ne shugaba. Na tashi na ajiye tawa gaban Malam Idi. Na waiga, ba wanda ya motsa. Idin ma ture ta ya yi, ya ce, "Baffa, rufa min asiri, ina da iyali."

Bafaden ya ce, "Tsoho, icen girki ka kawo mana?" Har Sale da na koya wa rini ya dara. Wannan dariyar ce ta hana ni cin tuwo. Sa'o'ina duk suna maƙabarta, ba ni da wanda zan ce wa "ka tuna?"

Gobe in na idar da asuba ƙofar dagaci zan zauna. Ya tura ni aikin hanyar in ya so, amma sai ya ji daga bakina cewa ni ban zaɓi Ɗanlami ba.