Mun Ce Tana Mosko

Ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga Yayana Toktosun,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa makiyaya lafiya. Ina matarka Yaya Ainagul da tagwaye? Ƙanƙarar mashigin dutse ta narke kuwa, ko sai da kuka sha fama da dawaki? Ni lafiyata ƙalau, jarrabawa ta kusa ƙarewa. Tun da waya ba ta kamawa a can sama, zan ba direban motar da ke karɓar nonon goɗiya wannan takarda.

Yaya, na je wurin uwarmu Apa. Ban manta ba, mun gaya wa mutanen ƙauye tana Mosko wurin 'yarta Yaya Anarkan ana yi mata magani, kuma ka ce kada a ga ƙafar ɗayanmu a gidan tsofaffin da muka kai ta har lokacin kaka, don kada wani ya gane mu. Na yi haƙuri duk tsawon sanyi. Amma daga tagar ajinmu ana hango rufin gidan, ni kuwa kullum nan idona yake, har malamin lissafi ya tambaye ni ko amsar a waje take.

Ta rame. Sun yanke mata kitson nan biyu, wai wanke shi wahala ne. Ɓarin da ya shanye yana nan yadda yake, magana kuma ɗaya ɗaya take fita, amma ta gane ni. Ta kama kunnena da hannun mai lafiya ta ja, ta ce, "Auta." Ban yi kuka a gabanta ba.

Ɗakinsu su biyu ne, ita da wata tsohuwa Barashiya mai suna Zoya, wadda bakinta ba ya hutawa. Da ta gan ni sai ta ce, "Kai! Ashe Burul tana da mutane? Mu nan mun ɗauka daga rijiya aka tsamo ta. Zo nan, 'yar tsurut, ba a ba ku abinci a makarantar ne?" Na miƙa mata burodin da na kawo.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ana wannan zafi, Apa tana sanye da wando biyu a ƙarƙashin riga, ta ƙulle mazagin tamau da hannu ɗaya da haƙori. Ta yi min alamar allura. Da na samo, sai ta nuna in ɗinke bakin wandon da rigar ciki, irin ɗinkin da ta koya min na dardumar ulu, wanda ba ya warwaruwa. Na ce, "Apa, to in za a yi miki wanka fa?" Ta rufe ido ta ce, "Ɗinka." Na ɗinka. Zoya da ke ta zuba sai ta kau da kai.

Haka ciwon yake sa mutum, Yaya? Kai ka fi ni sani.

Ka gaishe min da kowa. Ina kewar ƙamshin hayaƙin bukkarmu.

Ƙanwarka,
Begimai

Tsakiyar watan Yuni

Yaya Toktosun,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutan gida, da fatan dabbobi lafiya. Nonon da cukun da ka aiko sun iso, na gode. Na juye jakar har ƙasa ban ga takarda ba.

An rufe makaranta, amma ba zan hau ba tukuna. Malama Damira ta ba ni wurin kwana a gidanta. Abin da zan rubuta yanzu ban san yadda yarinya take gaya wa namiji shi ba. Ka karanta kai kaɗai.

Akwai wani ma'aikaci da ke ɗaukar waɗanda ba sa iya tafiya ya kai su ɗakin wanka ranar Alhamis. Ƙa'ida ita ce mace ta karɓe su a ƙofa, amma mace ɗaya ce ga dukan ɓangaren, sai ta bar masa wasu. Zoya ta ce yana zaɓa ne. Wadda ake zuwa dubawa ba ya kusantarta. Wadda ba a taɓa ganin kowa nata ba, kuma bakinta ba ya fita, ita yake rufe ƙofa da ita. Yaya, ya ci mutuncin Apa, kuma ba sau ɗaya ba. Dalilin ɗinkin ke nan.

Zoya ta ce tun cikin sanyi ta gaya wa shugabar gidan, aka ce mata tsufa ne ke sa ta mafarki. Ta ce min, "Ni ba ni da ko kyanwa a duniya, 'yar tsurut, wa zai saurare ni? Ku da kuke da ƙafafu, ina kuka shiga?"

Malama Damira ta raka ni wurin 'yan sanda. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ban san inda muryar ta fito ba. Mai binciken ya tambayi dangantakarmu, na ce ni 'yarta ce, autarta. Ya dubi takardar haihuwata ya ce, "Nan an rubuta jika." Na ce haka ne, kai ka haife ni, amma ni ce ta fari, tun kafin in yi haƙori aka ba Apa ni, ita na sani uwa, kai kuma yaya. Ya yi murmushi ya ce shi ma kakarsa ce ta raine shi, amma kotu ba ta san wannan ba. Ni jika ce, kuma shekaruna sha shida. Likita ya rubuta cewa Apa ba za ta iya tsaya wa kanta ba, saboda haka sai ɗanta ko 'yarta ta cikinta, babba, ya zo ya tsaya a madadinta. In ba haka ba, maganar ba za ta yi nisa ba. Yaya Anarkan ta ce in ta bar aiki ta taho, ba za a sake barinta ta shiga ƙasar ba. Saura kai.

Mai binciken ya je gidan da kansa. Mutumin an ce ya tafi hutu, hutu kawai. Mai binciken ya durƙusa gaban gadon Apa ya ce, "Iya, ina ɗanki yake, mu aika masa?" Ta daɗe tana kokawa da harshenta. Ka san abin da ta ce? Ta ce, "Ba ni da ɗa."

Ba fushi ba ne, Yaya, na san fuskarta in tana fushi. Rufa maka asiri take yi. Ta san in ka zo, ƙauye zai ji cewa autan Burul, wanda gidan gado yake hannunsa, ya kai uwarsa gidan gwamnati. Ta gwammace a bar maganar a haka da a nuna ka da baki. Ni kuwa tun da ta gane cewa ni na kai ƙara, ta juya fuskarta bango, ba ta sake kallona ba.

Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Na ga lokacin da Yaya Ainagul take kwance bayan haihuwar tagwaye, kai kaɗai kake juya Apa, kake tatsa, kake girki, har ka faɗi a garke. Na ga yadda ka tsaya a ƙofar gidan nan ranar da muka kawo ta, ka kasa juyawa. Amma hutun mutumin zai ƙare, kuma akwai Alhamis a kowane mako.

Motar nono tana saukowa ranar Litinin. Zan tsaya a tasha.

Begimai

Farkon watan Satumba

Zuwa ga Apata,

Assalamu alaikum, Apa. Yaya jikin? Kina samun barci? Sanyin dutse bai yi miki yawa ba? Na san Yaya ne zai karanta miki wannan. Yaya, don Allah kada ka tsallake komai, ko wanda ya shafe ka.

Akwai abin da ba ki gani ba, ina so ki sani. Litinin ta farko motar nono ta zo babu Yaya, na koma gida ina jan ƙafa. Ta biyu na hango doguwar farar hularsa a bayan mota, a tsakanin jarkoki. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Ina ofishin yake?" A can muka tarar da Asanbai, maƙwabcinmu, ya zo kan maganar satar saniya. Ya ce, "A'a, Toktosun! Me ya sauko da kai ana tsakiyar tatsa? Ya labarin tsohuwa a Mosko, ta iya Rashanci?" Na ga wuyan Yaya ya yi ja. Ya cire hula ya ce, "Ba ta taɓa zuwa Mosko ba. Tana gidan tsofaffi, ni na kai ta, kuma an cuce ta a can. Na zo ne in tsaya mata." Yaya ya shiga ya ce wa mai binciken, "Ni ne ɗanta."

Na ji abin da ya biyo baya. An ce a bikin gidan Asanbai kusa da ƙofa aka zaunar da shi, cikin samari, kuma da aka raba nama ba a miƙo masa kason da ya saba samu ba. Na san wannan ne kika guje masa, kuma na san ni na jawo. Amma direban nono ya ce min washegari mata uku suka hau dutse da ƙafa don su gaishe ki, ɗaya har da man shafawa. Gaskiya ne?

Mutumin yana tsare. Shugabar gidan an dakatar da ita. Bayan da Yaya ya ɗauke ki, wasu mata biyu sun yi magana, ɗaya da baki, ɗaya da hannu. Yanzu mata ne kaɗai ke kai mata wanka. Ranar Talata za a fara zama a kotu. Likita ya ce ba sai an kawo ki ba, Yaya zai tsaya miki, ni da Zoya za mu ba da shaida. Mai gabatar da ƙara ta ce ba ta yi min alkawarin komai ba, lauyansa zai ce tsofaffi ne masu ruɗewa da yarinya mai ƙuruciya. Ina jin tsoro, Apa. Kullum ina gwada maganata a gaban madubin Malama Damira.

Zoya tana gaishe ki. Ta sa na wanke mata rigarta mai furanni, wai ba za ta je gaban alƙali kamar buhun dankali ba. Ta ce in gaya miki wadda aka kawo gadonki minsharinta ya fi naki, ki dawo ki karɓi kayanki. Da ta faɗa sai ta yi dariya, sannan ta ce, "Kada ki kuskura ki rubuta haka. Ce mata ta zauna inda take." Ina zuwa wurinta duk Lahadi. Na gaya wa masu gadi kakata ce.

Apa, ranar da aka sa ki a mota, kin bar Yaya ya gyara miki bargo, kin bar Malama Damira ta riƙe hannunki. Da na matso sai kika rufe ido. Ba na neman ki ce na yi daidai. Ko yau aka mayar da ni baya zan sake zuwa wurin 'yan sandan, kuma ba na so in yi miki ƙarya a kan haka. Kewarki ce kawai ta ishe ni. In na dafa shayi sai in zuba gishiri daidai yadda kike so, sannan in tuna ni kaɗai zan sha.

In an tashi daga kotu zan biyo Yaya mu hau, kafin ku sauko da dabbobi. Malama ta roƙar min izinin kwana biyu. In har yanzu kina fushi, ba sai kin yi min magana ba. Ki juya min baya yadda kika yi. Ki dai matsa kaɗan, zan kwanta a bayan naki.

Allah ya ƙara miki sauƙi, ya bar min ke.

Autarki,
Begimai