Takardar da Na Karanta Maka Ranar Talata

Östersund, 14 ga Maris, 1996

Zuwa ga Torvald, sanyin idona, ranar da ke leƙowa bayan watannin duhu, ruwan tafkin da ƙanƙararsa ta fara narkewa, maƙwabcina na ɗaki mai lamba huɗu, abin ƙaunata!

Ka tuna ranar da aka kawo ka gidan nan na kula da naƙasassu, yau shekara bakwai? Ka shigo da sandarka kana laluben bango, ka yi karo da kekena na guragu a ƙofar ɗakin wanki, ka ce, "Wa ya ajiye motarsa a tsakiyar hanya?" Na ce mai motar tana ciki. Tun daga ranar ka zama ƙafafuna, na zama idanunka. Kai ka tura, ni in ce dama, in ce hagu, har bakin tafki. Ka ce ma'aikatan gidan nan sun san maganinka, sun san kalar gajeren wandonka, to ba za su san wasiƙunka ba, Gunvor ce kaɗai za ta karanta maka. Wace mace aka taɓa ba irin wannan amana?

Amma kai, zumar bakina, ba ka da zance sai na gidan kanka. Kullum a teburin kofi na ƙarfe uku: ka shiga layi tun shekarar zuwanka, kana jiran ɗaki a tsofaffin benayen bayan coci, inda ba mai gusar maka da gishiri, ba mai riƙe da makullin ƙofarka. Ran nan na tambaye ka ko akwai lif, na'urar hawa sama, a benen. Ka yi dariya ka ce ba ka tambaya ba. Ba ka tambaya ba, Torvald! Shekara bakwai kana tura kekena, ba ka taɓa tunanin yadda zai hau hawa na uku ba? Na koma ɗaki na yi kuka har Ylva mai kula da mu ta zo tana tambaya ko ciwon bayana ne ya motsa.

To, ruwa ba ya tsami banza. Ranar Talata, mako biyu da suka wuce, ka kawo mini ambulan ka zauna kana shafa gemu. Daga ofishin rabon gidaje take. Layi ya zo kanka, masoyina! Ɗaki da falo, taga tana kallon tafki, ka amsa cikin kwana goma sha huɗu ko a ba na bayanka. Na karanta ta sau biyu a zuci, sannan na ce maka likitan haƙori ne ya sauya lokacin buɗewa. Ka ce in jefa a shara. Na jefa, ai ni mai biyayya ce.

Shekaranjiya wa'adi ya cika. Ka koma ƙarshen layi, da shekarunka sittin da ɗaya.

Kada ka zaci ina nadama, wallahi barcina nake yi har da munshari. Za ka ci gaba da shan miyar wake duk Alhamis kana yatsina fuska. Ylva za ta ci gaba da ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarfe bakwai da kwalbar magani. Za ka ci gaba da tambayata ko mai wasiƙa ya zo, ni kuma in ce ka ƙara haƙuri, ɗan tsuntsuna, komai lokaci ne. Ina za ka je ka bar ni? Wa zai tura ni bakin tafki, waɗannan 'yan matan masu kallon agogo?

Wannan takardar ma zan saka ta a akwatin wasiƙunka. Gobe za ka kawo mini ita, ka zauna, ka ce, "Daga ina kuma?" Zan ce daga wata mai sonka ce. Zan karanta maka gaisuwar farko da layin ƙarshe, ka yi murmushi, ka laluba ka kama hannuna.

Taka, wadda ba za ta taɓa rabuwa da kai ba har a fitar da gawar ɗayanmu ta ƙofar baya,

Gunvor