Maganin maƙoƙon Salamatu

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Salamatu, matar ɗana, ta dawo daga Yamai. An ba ta maganin maƙoƙon wuyanta, ƙwaya guda. Wai maganin na hidda wani haske daga jikinta, ido bai ganin shi, amma shina cutar da yaro. Likita ya ce kada ta ɗauki ɗanta Shamsu, kada su kwana ɗaki guda. Kwanonta daban, butarta daban. Na share mata ɗakin da muke aje albasa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Shamsu kuka tun asuba. Na ɗaure shi a baya kamar jariri. Angon nan nawa ya yi nauyi, ƙuguna.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ta leƙo ta taga ta ce, Iya, yau rabi ya tahi. Wai duk kwana takwas rabin ƙarhin maganin ke mutuwa. To. Saura takwas ke nan mu huta.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Tabawa maƙwabciya ta hana jikokinta shigowa gidanga. Ta ce in maida yarinya gidan ubanta a Bangi tun ba ta ƙone muna gida ba. Ɗana Alƙasim ya kira daga wurin ci-rani, an riga an kai mai labari. Ya ce, Iya, yadda kika gani. Kullum yadda na gani.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Rabi da rabi, ai ya ƙare. Na yi ma Shamsu wanka, na sake shi ya ruga wurin uwa tai. Ta tura ƙyaure da ƙahwa tana ihu, Iya ki kama shi! Ya buge goshi. Ban taɓa jin muryarta haka ba, yarinyar da ko idona ba ta kallo.

Daga bayan ƙyaure ta ce rabin abin da ya rage ne ya tahi, ba rabin na hwarko ba. Na ɗauko curin hura na raba biyu, na raba rabin, na sake rabawa. Kullum da saura a hannuna. Na ce to yaushe za shi ƙare? Ta ce ba ya ƙarewa ƙaƙaf, sai dai ya yi kaɗan har bai iya komi. Wai likita ya ce a jira rabi uku.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Abin da bai ƙarewa. In Tabawa ta ji wannan, shi ke nan.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Na ji Salamatu na kuka a hankali. A ɗakin nan na yi takabar Malam. Na san yadda bangon yake in mutum ya daɗe yana kallon shi.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Rabi na uku. Shamsu ya ƙi zuwa, ya ɓuya bayan zanena. Ita kuma ta tsaya bakin ƙohwa, hannu a sake, tana tsoro. Tabawa na leƙe ta kan darni.

Na dama hura a ƙwaryata, na miƙa ma Salamatu ludayina. Ta sha, na karɓa na sha. Sannan yaron ya matso.

Sauran ƙoren duk ba a wanke ba, shi ya sa na dama a tawa.