Muryar Inna da Shuɗin Maɓalli

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Tunda kun zaɓi ku gina madatsar ruwa a inda ko ɗigon sabis babu, ga ni na koma rubuta wasiƙa ina bai wa direban motar kayanku.

Maganar wayar Baba ce. Batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗage, da roba na ɗaure ta. Ka san kuma abin da ke ciki: saƙonnin muryar da Inna ta riƙa tura masa kafin rasuwarta, a manhajar sirrin nan da ka saka musu. Kullum da safe, da ya sha shayi, sai ya zauna a kujerarsa ta bakin taga ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Idan wayar nan ta mutu, ban san yadda za mu yi da tsohon nan ba.

Shi ya sa na sayo ƙaramar laftop, mara nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaukarta. So nake in saka manhajar a ciki, muryar Inna ta koma can. To amma abar ta ƙi. Na kai wa mai gyara na bakin titi, ya juya ta gaba da baya, ya ce wai wannan ta 'yan makaranta ce. Ga injiniya guda a gida, amma ni ake wa dariya a shago. Ka rubuto min yadda zan yi dalla-dalla, ba bayaninka na rabi da rabi ba.

Baba na gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, ina lafiya. Ki gaishe min da Baba.

Mai gyaran bai san aikinsa ba. Irin wannan laftop tana ɗaukar manhajar, sai dai ta bayan gida. Ki shiga saituna, ki gangara can ƙasa, ki kunna sashen masu haɗa manhaja. Zai daɗe yana juyawa, kada ki kashe. Baƙin allo zai buɗe. Ki rubuta layukan da na kwafa miki a bayan takardar nan yadda suke, ko ɗigo kada ki canza. Idan manhajar ta buɗe za ta nuna miki wani murabba'i mai ɗige-ɗige. Ki haska shi da kyamarar wayar Baba, shi ke nan sun haɗu.

Direba yana ta min hon, a nan zan tsaya. Allah Ya taimaka.

Yayanki


Auta,

Salam. Ki karanta wannan kafin ki taɓa komai.

Motar na ɓacewa na tuna kyamarar wayar Baba ta fashe tun bara. Na san halinki, dabara za ki nema. Don Allah kada ki cire layinsa ki saka a wayarki. Manhajar nan waya ɗaya kawai take yarda da ita. Saƙonnin kuma ba sa bin layi, a jikin tsohuwar wayar suke zaune, ko laftop ɗin ba za ta kwaso su ba. Wannan ya kamata in fara faɗa miki. Ki kunna su ɗaya ɗaya, ki ɗauki muryar da taki wayar tukuna. Sauran kuma ki jira ni.

Wani leburanmu da zai tafi hutu na bai wa wannan. Allah Ya sa ta riga waccan.

Yayanki


Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko gaisuwar kirki na kasa rubutawa. Wasiƙarka ta biyu ba ta riga ta farkon ba. Leburanka sai da ya biya ta garin surukansa kafin ya iso.

Na bi layukanka, wallahi ko ɗigo ban canza ba, manhajar ta buɗe tas. Har rawa na taka a tsakar ɗaki. Na zo haskawa, kyamara ta nuna min duhu. Sai na yi daidai abin da ka ce kada in yi. Na zare layin Baba na saka a wayata, na yi rajista da lambarsa, na haska, laftop ta karɓa. Sunan Inna ya fito da hotonta, amma ƙarƙashinsa fari fat. Na ce a raina ƙila sai a hankali za su sauko. Na mayar masa da layinsa, na ajiye wayar a kan tebur kusa da tabaransa, na wuce wurin aiki.

Ashe wani rubutu ya fito a tsohuwar wayar, wai ba ta da rajista yanzu, a goge komai a sake sabo. Kuma wurin amincewar shuɗi ne. Yaya, ka tuna mu biyun nan muka gaji da tambayarsa muka ce masa, "Baba, duk abin da ya fito maka, danna shuɗin kawai." Ya danna.

Na dawo na same shi a bakin taga, wayar a cinyarsa. Ya ce, "Auta, yau uwarku ta ƙi magana, duba min." Na karɓa na duba. Babu komai, ko ɗaya bai saura ba. Na ce masa sabis ne. Ya ce, "Af, to bari ya dawo."

Na koma wurin mai gyara, ya ce ba aikinsa ba ne. Kai ne ka san abin nan. Don Allah ka ce min akwai inda kamfanin yake ajiye su.

Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki.

Babu inda suke. Kamfanin ba ya ajiye saƙon kowa, shi kansa ba ya iya ji. Dalilin da ya sa na zaɓar musu ita ke nan, don Inna ta ce ba ta son wani ƙato ya riƙa sauraron hirarta da mijinta. Wuri biyu kaɗai suke zama, wayar mai turawa da ta mai karɓa. Ta Inna kuwa kin san an goge ta kafin a bai wa Gwaggo.

Kada ki ɗora wa kanki ke kaɗai. Kuma ki daina ce masa sabis ne, zai yi ta jira. Ki faɗa masa. Allah Ya ba mu haƙuri.

Yayanki


Yayana,

Assalamu alaikum. Na faɗa masa.

Na durƙusa a gaban kujerar, na yi bayani ina kuka. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Da hannuna?" Da ma faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Can ya ce in ɗauko laftop ɗin in buɗe wurin sunanta, in danna abin ɗaukar murya. Yaya, sai ga Baba yana jero saƙonninta da ka, daga na farko, har da yadda take jan "Malaaam" in za ta yi masa tsiya. Maganin hawan jini, famfon da ke ɗiga, hular da ya manta a gidan Gwaggo.

Da ya zo na ƙarshe, wanda ta tura daga gadon asibiti, ya ce, "Malam, idan ka dawo..." sai ya tsaya. Ya sake, ya sake tsayawa. Ya ce a nan idonsa yake cikawa kullum, bai taɓa riƙe sauran ba. Ni kuma lokacin da yake kunna su ina hanyar aiki. Ya ce in tambaye ka, kai da kake shan shayi tare da shi duk hutunka, me ta ce bayan nan?

Yana jiran amsarka.

Ƙanwarka, Auta


Auta,

Wa alaikumus salam.

Ban sani ba. Duk ranar da ya kunna wannan, tashi nake in fita, ba na iya jin yadda numfashinta yake a ciki. Na ɗauka akwai lokaci.

Kada ki karanta masa wannan. Na nemi izini, zan biyo motar gobe in faɗa masa da bakina.

Yayanki