Bawana Jibirilla

Asabar, 7 ga Maris 1953
Wani Bature mai na'urar majigi ya ga wasan kwaikwayonmu a unguwarmu ta Nubel, yana so ya ɗauka. Na zaɓi "Ɓarawon Goro", wanda na rubuta bara: ni Bafillace mai tebur, Jibirilla Babarbare ya sace goro ya ɓoye a hula. Shekara ashirin muna wannan tsiya, yana ce min "bawana", ina ce masa "bawana". Kowa a unguwa ya san wasan Fulani da Barebari ne.

Talata, 10 ga Maris
An ɗauka. Ashe na'urar ba ta kama murya. Duk zolayar da na ɓata dare da rana ina tsarawa ta bi iska.

Asabar, 13 ga Yuni
An nuna majigin a ɗakin taro. Sun ɗora muryar wani yana bayani da Faransanci, wai ga yadda ake kama ɓarawo a kasuwar Hausawa. "Voleur", wato ɓarawo, har sau uku. Wurin da muke rungume juna muna dariya, an yanke. Mutanen gari sun cika ɗakin, ba wanda ya san wasanmu. Jibirilla ya fita kafin a gama.

Litinin, 15 ga Yuni
Jibirilla dillalin goro ne fa, amana ce jarinsa. Yau 'yan dako sun bi shi suna kiransa "tif-man", ɓarawo ke nan. Mata biyu 'yan ƙabilar Basa sun janye kayansu daga hannunsa.

Juma'a, 19 ga Yuni
Na je ofishin masu majigin. Akawu ya ce Baturen ya koma Faransa, majigin kuma ana nuna shi a garin Nkongsamba, daga nan sai Yawunde. Na ce wasa ne na kaka da kakanni. Ya ce, "To rubuto takarda." Wa zan rubuta wa? Ni na sa masa hular nan da hannuna. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Alhamis, 9 ga Yuli
Ruwa. Matata Hawa'u ta tambaya ko ta kunna wuta da tsofaffin takardun wasannina. Ban hana ta ba.

Lahadi, 16 ga Agusta
Mun haɗu da Jibirilla a ƙofar masallaci. Na buɗe baki zan tsokane shi, ya riga ni: "Barka da rana, Malam Sali. Ya iyali?" Har da ɗan rusunawa. Bai taɓa kiran sunana ba sai yau.
Ba komai, gaisuwa ce. Na ce, "Lafiya lau, Malam Jibirilla."