Tutar Port Merrill a Barandar Baba

Ashgrove,
24 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Loretta,

Gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta ƙetare duwatsu da teku har ta iske ki a Okinawa. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Desmond da yara, ya kuma sa aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya muke. An gama girbin alkama, tuddai sun yi launin zinariya, matata Corinne ta warke daga ciwon gwiwa, ni kuma ina nan ina fama da ɗalibai waɗanda waƙa ba ta dame su ba. Kin sha tambayata abin da ya shiga tsakanin Baba da Kawu Orval, na yi ta jinkirta amsa domin ban so in aiko miki da rabin labari. Yanzu ya cika, ga shi.

Kin san alkawarin da ke tsakaninsu tun ranar da Baba ya je neman auren Mama, Allah ya ji ƙanta. Baba ɗan Jami'ar Ashgrove ne, Kawu kuwa ɗan Jami'ar Port Merrill ta bakin teku, kuma duk shekara idan ƙungiyoyinsu biyu na ƙwallon ƙafa irin na Amurka suka kara, wanda aka ci shi zai rataye tutar ɗan'uwansa a barandar gidansa, ba zai sauke ta ba sai safiyar karawa ta gaba. Da tsokanar nan muka girma, Baba yana kiransa mai cin kifi, shi yana kiran Baba mai warin saniya. Bayan rasuwar Mama, wannan tuta ita ce igiyar da ta rage tana ɗaure su.

To, shekara uku ke nan da Port Merrill da sauran manyan jami'o'in rukuninmu suka amsa kiran gidajen talabijin, suka koma wani rukuni na can gabas, suka bar mu a tsaye kamar wanda motar haya ta wuce shi a tasha. Aka sanar cewa karawar waccan kakar ita ce ta ƙarshe. Kawu ya kira Baba ya ce a bar maganar tuta a wannan karon, tunda babu wata karawa a gaba da za ta sauke ta. Baba ya ce ashe tsoro ya kama mai cin kifi, alkawari yana nan daram. Aka buga, aka ci mu. Washegari Baba ya hau tsani da kansa ya rataye shuɗiyar tutar nan a barandarmu, a tsakiyar Ashgrove, a lokacin da babu sunan da garin ya tsana kamar na Port Merrill.

Ba zan iya kwatanta miki yadda garin ya koma ba. Kocinmu ya tattara kayansa kafin ƙanƙara ta narke. Zaratan 'yan wasanmu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har da mai jefa ƙwallon da muka yi renonsa tun yana ɗan shekarar farko. Sabon rukunin da ya karɓe mu na jami'o'i ne da ba mu taɓa jin haushinsu ba, wasu ma sai an duba taswira. Rabin kujerun filin suka zama na iska, masaukin baƙi na bakin hanya ya rufe sashe guda. Mutane suna cike da ɓacin rai, ba su da wanda za su sauke wa, sai ga tutar maci amana tana kaɗawa a gidan babanmu, Vernon Brandvold. Sau biyu na wanke ƙwai daga bangon gidan. A gidan cin abinci na Marge, inda tsofaffi ke shan kofin safe, Hollis mai sayar da takin zamani ya ce wa Baba, a gaban kowa, ko zai bi su gabas ne a ba shi kuɗin mota. Baba ya ajiye kofinsa ya fita, bai sake komawa ba. Daga nan ya rage zuwa coci, ya rage cin abinci, wandonsa ya fara yi masa yawa.

Na roƙe shi, Corinne ta roƙe shi, har Fasto ya zo ya yi masa bayani cewa alkawarin da sharaɗinsa ya mutu, shi ma ya mutu. Baba ya ce Fasto ya tsaya a kan mumbarinsa, shi bai ce zai sauke ta idan ya gaji ba, cewa ya yi sai safiyar karawa ta gaba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake kula da ita, domin a cikin alkawarin har da kada a bar ta ta yi dauɗa. Sai in iske shi da soso da bokiti a kan tsani, yana goge ta yana zagin ta. Da iska ta yaga gefenta, da allurar Mama ya ɗinke, tana rataye. Kin san halina, abin da ya cika mini ciki sai ya fita ta alƙalami. Na aika wa jaridar gari waɗannan baitoci:

Mun share fili, mun hura wuta,
Baƙo bai zo ba, sai dai tuta;
Iskar kaka tana ta kaɗa ta,
Zuciyar tsoho ta ƙi ta huta.

Da Baba ya karanta, ya ce idan ina da lokacin tona masa asiri a jarida, ai ina da lokacin gyara masa rufin gareji.

A bazarar bara Kawu Orval ya tuƙo motarsa ya ƙetaro duwatsu, da tsaninsa a baya, wai ya zo karɓar kayansa. Ina wurin. Baba ya fito ya ce idan ya taɓa ta zai kira 'yan sanda, shi ba ya karɓar sadaka daga mutanen da suka ci abinci a gidansa shekara da shekaru suka tashi ba ko sallama. Kawu ya ce shi wa ya tambaye shi, shi ma a talabijin ya ji, kuma yanzu 'yan wasansu suna kwana a jirgi suna karawa da waɗansu garuruwa da ko an ci su ba ya jin zafi, ko sun ci ba ya da wanda zai kira ya yi wa dariya. Ya ce wa Baba, kai tsohon banza, kana tsammanin kai kaɗai aka yi wa rashi? Baba ya juya ya shige gida. Kawu ya mayar da tsaninsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Tun daga ranar ba su sake magana ba, Bikin Godiya ma muka ci talotalo da kujerarsa babu kowa. Na fara jin tsoron ɗayansu zai riga ɗaya tafiya a kan wannan hali.

Sai Ubangiji ya kawo sauƙi. Tsofaffin ɗalibai na ɓangarorin biyu suka matsa, har jami'o'in suka yarda su riƙa karawa sau ɗaya a shekara ko da rukuninsu ya bambanta, sai dai a Satumba maimakon ƙarshen Nuwamba. Asabar ɗin da ta wuce aka buga ta farko, a nan gida. Da sassafe Baba ya sauke tutar, ya ninke ta kamar yadda ake ninke ta soja, muka tafi wurin ajiye motoci na bakin filin wasa inda jama'a ke gasa nama. Can muka hango Kawu a wurin da ya saba tsayawa, ya rame, yana dogara sanda. Baba ya miƙa masa tutar. Kawu ya kai ta hanci, ya shinshina, ya ce wallahi an ɓata masa tuta, warin saniya ya kama ta har zare. Baba ya ce wannan shi ne ƙamshin gaskiya na farko da ta taɓa yi tun da aka ɗinka ta. Loretta, dariyar da suka yi sai da Corinne ta kawo musu kujeru, ni kuwa na juya baya kamar hayaƙin nama ne ya shiga mini ido.

Filin ya cika har saman bene, amon ganguna da ƙahoni ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Yaranmu, waɗanda manyan jami'o'i ba su so ba, suka riƙe gaba har kusa da tashi. A daƙiƙun ƙarshe Port Merrill suka buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna, suka ci mu da maki biyu. Na kasa duban Baba. Kawu ma ya rungume tutar a ƙirji, ya fara cewa ai ba dole ba ne. Baba ya miƙa hannu ya ce, miƙo ta nan, mai cin kifi, kada ka ɓata mini lokaci. A wannan karon ni ya sa na hau tsanin, yana ƙasa yana ce mini ta karkace, Kawu yana cewa ta yi daidai. Sun cinye kek ɗin kabewa guda su biyu.

Ba zan ce miki komai ya koma yadda yake ba. Yarjejeniyar ta 'yan shekaru ce, masaukin baƙi bai buɗe sashensa ba, kuma ban san ko ƙungiyarmu za ta sake ganin irin darajarta ta da ba. Amma ranar Litinin Baba ya aske gemu, ya sa jar rigarsa ta Ashgrove, ya ce in kai shi wurin Marge. Hollis ya tare shi da cewa ya ga baƙuwar ta dawo baranda. Baba ya ja kujerarsa ya zauna, ya ce e, ta dawo, amma yanzu ta san ranar tafiyarta, sannan ya ce Marge ta ƙara masa ƙwai.

Ki gaishe mini da Desmond, da Imogen, da ƙaramin Vernon mai sunan Baba. Corinne tana gaishe ki, Kawu Orval ma haka, kuma zai zo Bikin Godiya. Baba ya ce in gaya miki ki nemi hutu tun yanzu, ki zo Satumba mai zuwa ki riƙe wa kawunki tsani ya rataye tutarmu, domin ya tsufa, kuma barandarsa doguwa ce.

Ubangiji ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki mai begenki,
Thaddeus.